Yadda za ka sa mutanen gida su rage ɓarnar ruwa ba tare da ka zama mafaɗaci ba

Na yi shekaru ina faɗa a kan ruwa a gidana. Da na ji famfo na zuba ba kowa a wurin, sai in ɗaga murya: "Wai wa ya bar famfon nan a buɗe?" Shiru. Can wani ya ruga ya rufe, gobe a maimaita. Wata ya ƙare, takardar kuɗin ruwa ta zo yadda ta saba zuwa, ni kuwa ban tsira da komai ba sai bushewar maƙogwaro. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, duk gidan babu wanda yake ɗaukar kansa maɓarnaci. Kowa gani yake wanka ya yi, wanke-wanke ya yi, haƙora ya goge, ina laifi a nan? Ruwan da ya bi magudana ba ya barin shaida, kuma da wuya mutum ya gyara abin da idonsa bai gani ba.

Kowa ya san ruwa na da daraja. Ka tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a banɗaki, zai ba ka amsa mai kyau har ya ƙara da nasiha. Tsakanin sani da aikatawa ne ake samun giɓi. Matakan da ke tafe na cike wannan giɓin ne, ko gidanka kaɗai kake son gyarawa, ko kana cikin masu ƙoƙarin jan gidajen unguwa su rage tare.

Mataki na farko: awo kafin magana

Makon farko kada ka ce wa kowa uffan. Awo kawai za ka yi.

In gidan na da mita, duba lambar da ke jikinta yau ka rubuta, sannan bayan kwana bakwai, daidai wannan lokaci, ka sake dubawa. Galibin mitoci da kubik suke lissafi, kuma kubik ɗaya lita 1,000 ne. A yawancinsu baƙaƙen lambobi su ne kubik, jajayen kuma su ne abin da bai kai kubik ba. Cire lambar farko daga ta biyu, ka raba gida bakwai, ka sake rabawa da yawan mutanen gidan. A ce ku shida ne, kuka ci kubik 6.3 a mako: lita 6,300 ke nan, wato 900 a rana, wato 150 a kan kowane mutum. Wannan lamba ta ƙarshe ita za ka riƙe, domin ita ce ba ta ruɗi ko da an yi baƙi ko wani ya yi tafiya. In babu mita, tanki ma'auni ne, duro ma'auni ne, jarka ma haka. Ka san litar da yake ɗauka, ka ƙirga sau nawa aka cika shi a mako.

Da me za ka gwada lambar taka? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki da sauran tsabta. Lokacin da fari ya kai birnin Cape Town na Afirka ta Kudu maƙura, daga ranar 1 ga Fabrairun 2018 lita 50 aka ƙayyade wa kowane mutum, kuma mutane sun ji jiki kafin su saba. To in lissafinka ya nuna gidan bai ma kai 50 ba, ajiye wannan takarda. Ba ɓarna ke damun gidan nan ba, ƙarancin ruwa ne, kuma zalunci ne ka ƙara takura musu.

Bayan mita sai bokiti da agogo. Samu bokitin da ka san girmansa, a ce mai lita 10. Tara shi a ƙarƙashin shawa, ka buɗe yadda aka saba buɗewa, ka duba daƙiƙa nawa ya ɗauka ya cika. In a daƙiƙa 50 ya cika, shawar na zubar da lita 12 a minti ɗaya, wankan minti goma kuwa lita 120. Yi wa kowane famfo haka, har tiyon da ake ban ruwa ko wanke mota da shi. Tankin masai kuma, rufe makunnin da ke ba shi ruwa, ka ja ruwan ya tafi, sannan ka sake cika shi da kwalba mai lita ɗaya kana ƙirgawa har ruwa ya kai inda ya saba tsayawa. Tsofaffin tankuna kan ci lita 9 zuwa 12, wasu ma fiye, sababbi masu maɓalli biyu kuwa galibi lita 6 ne da 3.

Ranar da na gama wannan awo ne na ji kunya. Duk shekarun nan famfon wanke hannu nake wa gadi, alhali ruwan a banɗaki yake tafiya, inda ƙofa ke rufe ba na gani. Ashe jaki na bari ina dukan taiki.

Mataki na biyu: toshe yoyo tukuna

Kafin ka nemi kowa ya canza hali, gyara abin da ke zuba da kansa. Da dare, bayan kowa ya gama da ruwa, duba mita ka rubuta, da asuba kafin a taɓa famfo ka sake dubawa. In lamba ta motsa, akwai yoyo a wani wuri.

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 30 a rana, sama da lita 10,000 a shekara, kuma sau da yawa 'yar robar da ke cikin kansa ce kawai ta cinye. Masai ya fi shi mugunta, domin nasa yoyon ba ya ƙara. Ɗiga ɗan launi a cikin tankinsa, ka bar shi kamar minti 15 ba wanda ya ja ruwa. In launin ya ɓullo a cikin kwanon masan, robar da ke toshe ƙasan tankin ta saki. Gidan da ke tura ruwa tankin sama da inji kuma, a duba ƙwallon da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, ko a sa na'urar da ke kashe injin da kanta. Tankin da ya yi ambaliya na minti ashirin yana iya cinye duk tsimin da yara suka yi a mako.

Ba don ruwan kaɗai na sa wannan a gaba ba. Mutanen gida suna karanta abin da babba ya ƙyale. Yaron da ke wuce famfo mai ɗiga wata uku, da wane baki za ka ce masa ya rufe ruwa in yana goge haƙori?

Mataki na uku: a nuna, sannan a zaɓi abu ɗaya ko biyu

Yanzu ne za ka tara mutanen gida, kuma ba don karanta musu laifinsu ba. Maimaita gwajin bokitin nan a gabansu. Ba ƙaramin yaro agogo ya riƙe, wani ya riƙe bokiti, su da kansu su yi lissafin. Da na yi haka a gidana, babban ɗana, wanda in ya shiga wanka sai an ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya tsaya yana kallon bokitin da ya cika tun minti ɗaya bai cika ba. Ya yi lissafi da yatsu, ya ɗago ya ce, "Baba, wato ni kaɗai bokiti goma sha wani abu nake yi?" Ban ce masa komai ba. Gani ya kori ji.

Daga nan sai zaɓi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo dokoki ashirin a rana ɗaya, a liƙa a bango, bayan mako ba wanda ke tuna ko uku. Zaɓi abu ɗaya, in ya yi yawa biyu, daga inda awonku ya nuna ruwa ya fi tafiya. A mafi yawan gidaje masu famfo, wanka da masai da wanki ne ke kan gaba, in kuma akwai lambu ko ciyawa, ban ruwa kan iya shafe su duka. Rufe famfo lokacin goge haƙori abu ne mai kyau, kuma shi aka fi yayatawa, amma in ka ɗora shi a sikeli da rage wanka daga minti goma zuwa huɗu, wanda a shawar misalinmu ya sauko da lita 120 zuwa 48, za ka ga inda ya kamata a fara.

Sannan a kula da yadda ake faɗin abin. "Mu rage ɓarna" buri ne, ba aiki ba. Aiki shi ne wanda ke da lokaci da wuri: "In zan shafa sabulu, zan rufe shawa." "Ba za a kunna injin wanki ba sai ya cika." "Za a ɗauraye kwanuka a cikin baho, ba a bakin famfo ba." "Ban ruwa da sassafe ne ko bayan rana ta yi sanyi, don kada zafi ya shanye." Kowa ya faɗi nasa da bakinsa, a rubuta, ya sa hannu. Wannan ba wasan yara ba ne. A shekarar 2014, a garin Belén na Kosta Rika, Bankin Duniya da abokan aikinsa sun aika wa gidaje 'yar takarda tare da takardar kuɗin ruwa, wadda ke neman su rubuta abin da suke ci, su sa wa kansu iyaka, su zaɓi matakan da za su ɗauka. Wannan kaɗai ya rage amfani da ruwa da kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari. Tun a 1992 ma, a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, masu bincike sun tari ɗalibai mata da suka fito daga ninƙaya. Waɗanda aka sa suka sa hannu a takardar kira ga jama'a su gajarta wanka, aka kuma tuna musu cewa su kansu ba kullum suke yin hakan ba, sun yi wanka a ƙasa da minti huɗu, waɗanda ba a yi musu ko ɗaya daga cikin biyun ba kuwa wajen minti biyar. Mutum ba ya son ya ƙaryata kansa a gaban kansa.

Mataki na huɗu: kada ka dogara da tunawa

Wanda ya shiga wanka da safe ba tunani yake yi ba, hannunsa ne ke aiki yadda ya saba. Don haka kayan aikin sabon halin su kasance a inda hannu zai faɗa musu. Kofi a gefen buroshin haƙori. Baho a wurin wanke-wanke, ba a can cikin sito ba. Bokiti a banɗaki don tare ruwan sanyin da ke fara zubowa kafin na ɗumi ya iso, a kora masai da shi. Bakin tiyo mai maƙulli, wanda da an saki hannu ruwa ya tsaya.

Sai lokaci. A 2007, da fari ya tsananta a kudu maso gabashin Queensland ta Ostareliya, inda birnin Brisbane yake, hukuma ta sa wa jama'a burin lita 140 ga kowane mutum a rana, ta kuma raba wa gidaje ɗan agogon yashi na minti huɗu da ake mannawa a bangon banɗaki. An kai burin, har aka sauko ƙasa da lita 140 ɗin. A Zurich ta Suwizalan kuma an gwada wata na'ura da ake ɗaurawa a jikin shawa, tana nuna wa mai wanka litar da ya zubar nan take, da hoton farar dabbar ƙanƙara a kan ƙanƙarar da ke narkewa. Makamashin da ake kashewa wajen ɗumama ruwan wanka ya ragu da kashi 22 cikin ɗari. Ba lallai ka mallaki irin wannan na'ura ba. Ƙararrawar waya ta isa. Wanda kuma zai iya komawa wanka da bokiti ya huta da agogo gaba ɗaya, domin bokiti shi ne awon kansa: in ya ƙare, ya ƙare.

Abin da ya fi duka shi ne gyaran da ake yi sau ɗaya a manta. Kan shawa mai rage gudu, da 'yar ragar da ake murɗawa a bakin famfo tana gauraya ruwa da iska, suna aiki ko mutum ya tuna ko bai tuna ba. Tsohon tankin masai kuma a cika kwalbar roba mai lita ɗaya da ruwa da ɗan tsakuwa, a rufe, a tsayar da ita a ciki inda ba za ta taɓa ƙwallo ko sarƙa ba. Gida mai mutum biyar, kowa ya ja sau biyar, lita 25 ke nan a rana ba wanda ya sani. Amma kada a sa bulo, yana marmashewa ya lalata roba. Kuma kada a yi wa tankin da dama ƙarami ne, don in ruwa bai kora ba sai an ja sau biyu, an koma gidan jiya.

Takardar tunatarwa a bango tana aiki kamar mako biyu, daga nan ta zama fenti. In za ka sa, yaro ya zana ta da hannunsa, kuma a riƙa sauya mata wuri.

Mataki na biyar: lamba a bango

Takardar kuɗin ruwa tana zuwa bayan wata, mutum ɗaya ke ganinta, shi ma kuɗin yake dubawa ba litar ba. Ba yadda za a yi ta gyara halin wanda ya yi wankansa makonni huɗu da suka wuce. Don haka a ware rana ɗaya a mako ta duba mita, a damƙa aikin a hannun yaro, a rubuta lita nawa kowane mutum ya ci a inda kowa ke wucewa. In lamba ta sauka, a faɗa da baki a yaba. In ta hau, a tambayi "me ya faru a makon nan?" kada a tambayi "wa ya yi?" Tambayar farko tana kawo amsa, ta biyu ƙarya take kawowa.

Mataki na shida: maƙwabta

A nan ne aikin ya fi daɗi, kuma a nan ya fi saurin ɓaci, saboda haka zan ɗan daɗe.

A bazarar 2007, ana tsakiyar fari, hukumar ruwa ta gundumar Cobb a jihar Jojiya ta Amurka ta haɗa kai da masana tattalin arziki biyu, Paul Ferraro da Michael Price, suka yi gwaji a kan gidaje sama da 100,000. Wasu aka aika musu shawarwarin tsimin ruwa kawai. Wasu aka ƙara musu da roƙo cewa su taimaka. Kashi na uku aka haɗa musu da abu guda: ga abin da gidanku ya ci, ga kuma abin da maƙwabtanku suka ci. Shawara ita kaɗai kusan ba ta motsa komai ba. Roƙo ya ɗan taɓa. Kwatancen da maƙwabta ne ya rage kusan kashi 5 cikin ɗari, kuma ya fi kama gidajen da suka fi kowa ci, wato daidai waɗanda tsadar ruwa ba ta cika damunsu ba. Kashi 5 zai yi wa wani kama da abin raini, amma ka tuna wasiƙa ɗaya ce, ba a haƙa ko rijiya ɗaya ba.

Gwajin Belén ya ƙara wani haske. Da aka kwatanta gida da unguwarsa, an samu ragi. Da aka kwatanta shi da garin baki ɗaya, ba a ga wani canjin kirki ba. Mutum bai damu da abin da "jama'a" ke yi ba, wanda yake gaisawa da shi kullum a bakin ƙofa shi ne ma'auninsa.

Yadda za ka yi a aikace: nemi gidajen da suka yarda, ko da takwas ne ko goma. Kowane gida ya kawo lambar mitarsa da yawan mutanensa a ƙarshen wata. Fitar da lita a kan kowane mutum, sannan ka fitar da matsakaicin duka. Kowane gida a ba shi 'yar takardarsa shi kaɗai, a ninke: "Gidanku lita 140. Matsakaicin gidajenmu lita 110." Kada a kwatanta jimillar gida mai mutum goma da ta mai mutum biyu, kuma a yi la'akari da gidan da ke da jariri ko majinyaci ko sana'ar da ke cin ruwa. In lissafi ya zama na rashin adalci sau ɗaya, ba za a sake kawo maka lamba ba.

Akwai tarkuna uku. Na farko, gidan da ya ga yana ƙasa da matsakaici yakan saki jiki. An ga haka a San Marcos ta Kalifoniya, a wani bincike kan wutar lantarki da aka wallafa a 2007: waɗanda aka nuna musu sun fi maƙwabta tsimi sai suka ƙara ci. Da aka zana musu 'yar fuska mai murmushi a jikin takardar, sai ƙarin ya tsaya. To mai ƙoƙari a rubuta masa "madalla" a fili, kada a bar shi da lamba tsirara.

Na biyu, kada ka ce "kowa a unguwar nan ɓarna yake yi". Kana nufin tsawatarwa, amma abin da kunne ke ɗauka shi ne ɓarna ita ce al'ada, ni ma ban fita daban ba. Faɗi adadin waɗanda suka gyara, in dai gaskiya ne: "gida shida cikin goma sun rage a watan nan." In ba su kai rabi ba tukuna, ka ce suna ƙaruwa, ka faɗi daga nawa zuwa nawa.

Na uku shi ne tsoratarwa. A 1997 wani ɓangare na ramin da ke kawo wa birnin Bogotá na Kolombiya ruwa ya rufta. Hukuma ta yi shelar gaggawa, tana zaton jama'a za su rage. Sai amfani da ruwa ya ƙaru, domin kowa ya shiga cika duk mazubin da ya mallaka. Sai da aka sauya salo, aka shiga koya wa mutane takamaiman abin da za su yi, ana buga yawan ruwan da birni ya ci a jaridu kullum, ana yaba gidajen da suka yi ƙoƙari, sannan lamba ta fara sauka, har ta kai kusan kashi 14 cikin ɗari a wata biyu, kuma ba ta koma inda take ba ko bayan an gyara ramin. Wani zai ce ai tsoro ya yi aiki a Cape Town, inda aka sa ranar da za a rufe famfunan gari mutane su koma bin layi don lita 25. Gaskiya ne birnin ya sauko daga kimanin lita biliyan 1.2 a rana a 2015 zuwa ɗan sama da miliyan 500 a 2018. Amma ba tsoro tsagwaronsa ba ne. An ba kowa lamba ɗaya da zai riƙe, an fitar da taswira a intanet mai sa koren ɗigo a kan gidajen da suka tsaya cikin iyaka, an ƙara kuɗin ruwa, an kuma rage ƙarfin ruwan a cikin bututu. Tsoron da ba a haɗa shi da "ga abin da za ka yi yau" ba, ɓoyon ruwa kawai yake haifarwa.

Batun tona asirin masu ɓarna kuwa, ni ban goyi baya ba. Hukuma na iya yi ta kwana lafiya, kai kuwa gobe za ku haɗu da mutumin a hanya.

Mataki na bakwai: babba ya fara

A wancan rikici na Bogotá, magajin garin, Antanas Mockus, ya fito a talabijin yana wanka, ya rufe ruwa yana shafa sabulu, sannan ya buɗe ya ɗauraye. An yi dariya, amma an gani. Ba na ce ka kai nan ba.

Ni dai 'yar autata ce ta kama ni. Mako biyu da sa hannu a takarda, ina aski a gaban madubi, famfo na ta zuba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ko in rufe maka?" Raina ya so ya ɓaci, har na buɗe baki zan ce ai yanzu zan ɗauraye reza. Sai na tuna duk gidan na saurare. Na ce, "Rufe, kin yi daidai." Da na kore ta a ranar, da shi ke nan an gama da takardar bango. A ba yara da masu aikin gida izinin tuna wa manya cikin ladabi. Kuma wanda ya fi kowa taɓa ruwa a gidan, mai wanki da wanke-wanke, a tambaye shi tun farko me zai yiwu. In ka kafa dokar da ta ƙara masa wahala ba ka tambaye shi ba, zai bi ta ne kawai in kana tsaye.

Inda tsimi ba ya shiga

Ba a rage ruwan sha, ba a rage wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga masai da kafin cin abinci, ba a rage tsabtar jariri da majinyaci. Wanke hannu na buƙatar cuɗawa ta daƙiƙa 20 ko fiye, abin da za a iya yi shi ne rufe famfo lokacin cuɗawar. Ruwan ɗauraya da na wanka ana iya kora masai ko wanke daɓe da shi, amma kada ya wuce kwana ɗaya a ajiye, yana wari ƙwayoyin cuta su yaɗu a ciki. Kada a zuba shi a kan ganyen da ake ci ɗanye, kuma wanda aka wanke kayan kashin jariri da shi a zubar kawai. Duk mazubin da aka tara ruwa a rufe shi saboda sauro, a kuma kawar da shi daga inda yaro mai rarrafe zai kai, domin bokiti ɗaya ya isa ya halaka shi.

Bayan wata uku

Zumuɗi zai kwanta, wannan ba makawa. A gundumar Cobb ma tasirin wasiƙar ya fi ƙarfi a watan farko, sannan ya yi ta raguwa, ko da yake masu binciken sun ci gaba da ganin burbushinsa bayan shekaru. Don haka in lamba ta fara komawa sama kada ka ce an gaza, kuma kada ka koma faɗa. Duba halin farko: in ya zauna har ba a tunaninsa, ɗauko na biyu a jerin, a sake zama, a sake sa hannu. In bai zauna ba, tambayi me ke hana shi. Sau da yawa amsar ƙarama ce, baho ya fashe ba a sayi wani ba, ko an ɗauke bokitin banɗaki an kai wani wuri. Lokutan da hali ke warwarewa sanannu ne: an yi baƙi, an dawo daga tafiya, zafi ya shigo, an sauya mai aiki. A irin waɗannan makonni a koma duba mita sau biyu maimakon sau ɗaya.

A gidana takardar na nan a bango, an cika ta an juya bayanta. Watan da ya wuce lamba ta yi tsalle mako biyu a jere, kowa ya rantse bai sauya komai ba. Na kusa fara zargin mai dogon wankan nan. Shi ne ya ɗauko launi ya ɗiga a tankin masan baƙi, wanda ba mai shiga sai jefi-jefi, muka tsaya mu biyu muna kallo. Minti biyar ba a yi ba ruwan kwanon ya rine.